Waƙa Biyu, Kabari Ɗaya

"Mama! Sauko daga tsanin nan!"

Ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta ƙara taka mataki ɗaya, jar tukunya a hannunta na dama.

"Mama, don Allah... mutane na wucewa fa!"

"Ai don su gani nake yi."

Ta rataye ta a reshen ƙarshe, ta gyara mata zama yadda ko makaho zai hango ta daga titi.

A ƙauyenmu kowane gida yana da busasshiyar bishiya a tsakar gida inda ake rataye tukwane su sha iska. Amma jar tukunya a ƙololuwa ba iska take sha ba, shela take yi cewa akwai budurwa a gidan nan kuma ba ta da mai ita. Wata biyar da suka wuce Mama da hannunta ta sauke ta, ranar da iyayen Gavril suka zo neman aurena da burodi da kwalbar barasar horinka.

Yau ga ta ta koma sama.

"Me Gavril ya yi miki?"

Ta sauko, ta kakkaɓe hannu, ta nuna baranda da haɓa.

"Tambayi Malam."

Sai a lokacin na lura da shi. Malam Octavian, mai koyar da adabi a makarantar birni, yana zaune a bencin babana ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Shekara biyu yana bibiyata, shekara biyu ina gaishe shi da ladabi ina wucewa. Farar rigarsa ta sha guga, sai wani ɗan tabon shuɗi a bakin hannunta da yake ta turawa ciki.

"Saveta, wallahi ba da son raina na kawo wannan ba," ya ce. "Na biya shagonsa ne mu gaisa, sai na gani. Na ce ba zan iya yin shiru ba."

Ya miƙo mini wayarsa.

Hoton gicciyen babana ne.

Mu ba ma sa dutse a kabari. Gicciyen katako ake yi, a shafe shi da shuɗin fenti, a sassaƙa mamacin yana aikinsa, a ƙasa a rubuta waƙa da bakinsa kamar shi ke ba masu wucewa labarin rayuwarsa. Masassaƙi ne ke tsara waƙar, iyali ba sa ganinta sai ranar kafawa. Tun da tsohon masassaƙi ya rasu kuwa, Gavril ne ke riƙe da shagon. Ranar Asabar babana zai cika shekara, ranar za a kafa nasa.

Ga shi nan a hoton, zaune a keken dokinsa, hula a karkace, baki a buɗe yana waƙa. Kamar ya yi magana!

Na sauke ido kan rubutun.

Ni ne Simion mai keken doki,
Na fi ƙwarewa a waƙa a kan aiki.
Na tafi Italiya neman kuɗin rufin ɗaki,
Na ce wata uku, na yi shekara bakwai da 'yan kwanaki.
Kwalba ta riƙe ni, ni ma na ƙi saki,
Na dawo ba jaka, ba takalmi, sai ciwo a jiki.

Wayar ta yi mini nauyi a hannu.

Ina da shekara takwas ya tafi, ina da sha biyar ya dawo. Tsakanin nan babu irin tsokanar da ban sha ba a makaranta. "Saveta, wata ukun bai cika ba?" Na ɗauka an binne wannan magana tare da shi. Ashe mutumin da zan aura ne zai tono ta, ya shafa mata fenti, ya kafa ta a tsakiyar maƙabarta.

"Kin gani ko?" in ji Mama. "Shekara bakwai ina ɗaga kai a garin nan. Ban roƙi kowa ba, ban yi kuka a gaban kowa ba. Yanzu ɗan Ilie mai tumaki zai rubuta kunyata a katako, jikokina su zo su karanta?"

Malam Octavian ya yi gyaran murya, ya zaro takarda daga aljihu.

"Na ɗan gwada wani abu... ba wani abin kirki ba ne."

Mai cewa ba abin kirki ba ne, har tsayuwa ya yi ya karanta, hannu a ƙirji.

Rayuwata hanya ce miƙaƙƙiya,
Na bi ta da haƙuri da gaskiya.
Ban karkace ba, ban yi tuntuɓe ba ko ɗaya,
Yau na isa gidan hutu lafiya.
Ku share hawaye, 'yan'uwa da zuriya,
Matafiyi ya sauka, an gama tafiya.

Mama ta goge ido da bakin ɗankwali.

Ni ma ba zan yi ƙarya ba, ta sanyaya mini zuciya. Irin uban da na yi ta roƙon Allah ya ba ni ke nan.

"Je ki gaya masa," in ji Mama. "Ya kankare waccan ƙazantar ya sa wannan. In ya ƙi, Malam ya san mai inji a birni da zai yanka mana sabo kwana ɗaya. Tukunyar nan kuma ta zauna inda take."

*

Na tarar da Gavril a sunkuye kan wani katako, gashinsa duk garin sassaƙa. Gicciyen babana na jingine da bango, an lulluɓe shi da bargo.

Yana ganina ya saki murmushi.

"Saveta tawa! Wace iska ce..."

Na buga takardar Malam a kan bencinsa.

"Karanta."

Ya karanta. Ya sake karantawa. Ya ɗago.

"Wa ya mutu?"

"Kada ka yi mini wasa, Gavril! Na ga abin da ka rubuta wa babana."

Murmushin ya ɓace.

"Wa ya nuna miki?"

"Ba shi ne damuwarka ba. Ka kankare, ka sa wannan."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba, ko ba za ka yi ba?"

"Ba zan yi ba."

Haka kawai, ko ido bai ƙifta ba. Gavril mutum ne da in na ce rana ta yi zafi zai je ya nemo mini inuwa. Ban taɓa jin ya ce mini a'a ba sai ranar.

"Mama ta mayar da jar tukunya."

Sai da ya dafa benci.

"Yau?"

"Yanzun nan. Rabin gari sun gani."

Ya juya ƙarfen sassaƙa a hannunsa.

"Zuciyata, ki saurare ni. Duk hunturunsa na ƙarshe babanki a kujerar can yake yini. Shi ya faɗa mini abin da zan sa. Ya sa na rantse masa a kan abu biyu, kuma ba zan karya ko ɗaya ba."

"Babana ya ce ka kira shi mashayi?"

"Abin da ya kira kansa ya fi haka muni, ni na rage."

"To mene ne na biyun?"

"In na faɗa miki na karya shi."

Dariyar takaici ta kama ni.

"Lallai! Wato layi shida sun fi ni."

"Ba haka ba ne..."

"Haka ne! Ka zaɓi katako, ka bar mace. Sai ka aure shi, ya dafa maka tuwo!"

"Saveta, ki ba ni zuwa Asabar. Kwana huɗu kacal."

"Asabar mai inji zai kawo nasa."

Na fita na bugo ƙofa har guduma ta faɗo daga ƙusa. Bai biyo ni ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

*

Kwana biyu waƙoƙin nan na yawo da ni. Ta Malam tana aljihun siket ɗina, ta Gavril kuwa ba ta buƙatar takarda, ta riga ta maƙale mini a ka.

Ta Malam tafiya take yi a hankali kamar mai shiga coci da sabon takalmi. Babu dariya a cikinta, babu ciwo. Mutum ya kama hanya, ya miƙe, ya isa. Ina son ta. Amma duk lokacin da na gwada jin ta da muryar babana, sai muryar ta ƙi zuwa. Ta Gavril kuwa daga layin farko sai in ji shi a bayana yana tari yana dariya, ni kuma in ji kamar in shaƙe wani.

Ranar Alhamis muna juya ingirici a gona da Gwaggo Todora, yayar babana. Shekarunta saba'in da biyu, harshenta bai tsufa da rana ɗaya ba.

"Ke, tun safe kike juya wuri ɗaya. Rami kike haƙa?"

Na zaro takardar na karanta mata.

Ta jingina da manjagara tana saurare har na gama.

"Allah ya jiƙansa," ta ce. "Ɗan wane gida ne?"

"Gwaggo! Ta Baba ce."

"Wane Baba? Simion?" Ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki. "Simion da bai taɓa miƙewa ba ko daga ɗaki zuwa rijiya? Ban yi tuntuɓe ba ko ɗaya! Ni da na ciro shi daga kwata sau uku?"

"Ai gara a rufa masa asiri."

"A rufa wa wa? Duk garin nan wa bai sani ba? In kika sa wannan, 'yar nan, ba asirinsa kika rufa ba, shi kika rufe. Sai ki riƙa zuwa kina kunna wa baƙo kyandir."

Sai na rera mata ta Gavril don ta ji dalilin fushina.

Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta share hanci da bayan hannu.

"Wannan shi ne. Shi ne ɗan banzan ƙanena." Ta tsaya. "To ci gaba mana."

"Ta ƙare."

"Ta ƙare a ina? A ciwo a jiki? Shekara tara ya yi bayan ya dawo, su ba rayuwa ba ne? Kuma Simion ya yi magana layi shida ya yi shiru? Mai surutu irinsa sai an juya katako."

Manjagara ta kuɓuce mini.

Gaskiya ce. Masu dogon labari akan ci gaba da waƙarsu a bayan gicciye. Ni da aka haifa a garin nan, na manta! Na tuna yadda aka jingina shi da bango, aka lulluɓe shi da bargo.

"Ina za ki? Wa zai gama mini aikin?"

Ban tsaya ba ta amsa ba.

*

"Matsa."

Gavril ya tare tsakanina da gicciyen, hannuwa a buɗe.

"Saveta, na rantse ba zan nuna wa kowa ba sai a bakin kabari."

"Kai ka rantse ba za ka nuna ba. Ni ban rantse ba zan duba ba. Juya bayanka."

Ya dube ni. Ya dubi rufin shago. A hankali ya juya ya fuskanci taga.

"Yana da nauyi fa. Kada ki ji ciwo."

"Kai dai kalli kajinka."

Nauyi kam ba a magana, ya fi ni tsawo. Na sa kafaɗa, na tura, na ja, na yi nishi, har ya juyo. Hannuwana suka maƙale a jikinsa, fentin bayan bai gama bushewa ba.

Layi shida ne.

Na karanta a tsaye. Kafin in kai na ƙarshe ina zaune a ƙasa cikin garin katako, ina kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne shi.

Gavril ya durƙusa kusa da ni. Na juyo na dube shi.

"Me ya sa bai faɗa wa Mama da bakinsa ba?"

"Ya ce ya gwada ya fi sau ɗari. Da ya buɗe baki sai ta ce ya cire takalminsa daga kan shimfiɗa."

Na yi dariya cikin kuka. Mama ke nan!

"Ya ce in ta ji kafin ranar za ta hana. Ya ce a bari sai a gaban jama'a, inda ta sha kunyarsa, nan yake so ta ji."

"Kai kuma ka yarda ka rasa ni saboda haka?"

"Ban yarda ba. Kwana biyu ban ci abinci ba. Amma Saveta, in na saba wa mamaci, ke mai rai da wane ido za ki yarda da alkawarina?"

Na ɗaga hannu zan share hawaye, sai na ga tafina shuɗi shar.

Na tsaya ina kallonsa.

"Gavril... fentin gaba yaushe ya bushe?"

"Ya fi wata."

"Na baya fa?"

"Ranar Litinin na shafa."

"Da Malam Octavian ya zo, yaya gicciyen yake?"

"A kwance kan benci, bayan a sama. Na yafa masa zane da na ji sallama. Na fita kawo masa kofi, na dawo na tarar..." Ya dubi bangon. "Na tarar an jingina shi. Ya ce taimaka mini ya yi."

Tabon shuɗin nan na bakin hannun farar riga ya dawo mini. Ya karanta bayan. Ya karanta tsaf, sannan ya juya ya ɗauki hoton gaba kaɗai ya kai wa Mama.

Na miƙe.

"Goɗiyar Baba tana nan, kekensa yana nan. Asabar da safe ka jira ni a ƙofar shago."

"Mama Palaga za ta kashe mu."

"Ta kashe mu bayan ta ji."

*

Asabar ta zo da rana mai kyau.

Na bari Mama ta tafi coci da kwandon burodin sadaka, na ce ina tafe. Na ɗaura wa goɗiya keke da hannuna, yadda Baba ya koya mini bayan ya dawo. Ni da Gavril muka ɗora gicciyen, na riƙe linzami.

Muna isa maƙabarta mun tarar an taru a bakin kabari. Fada da kwanon turarensa, Gwaggo Todora, tsofaffin abokan babana, rabin gari. Motar kaya ta mai inji na tsaye, an sauke sabon gicciye mai sheƙi, Malam Octavian na gefensa kamar ango.

Ƙarar ƙafafun keken ce ta sa kowa ya waiwayo. Sun san ƙarar nan.

Fuskar Mama ta haɗe.

"Saveta. Juya da abin nan."

"Mama, ki ba ni minti biyar."

"Na ce ki juya!"

Na sauko. Na tsaya a gabanta.

"Waƙa biyu ne, kabari ɗaya. Zan karanta duka a gaban kowa, ke ki zaɓa. Wadda kika zaɓa ita za a kafa, ba zan ƙara cewa uffan ba. In kin zaɓi ta Malam, tukunya ta zauna a sama har ta yi tsatsa."

Gavril ya ja numfashi a bayana. Ban gaya masa zan faɗi haka ba.

Fada ya shafa gemu.

"Palaga, bar yarinya ta karanta. Mamacin ba sauri yake yi ba."

Mama ta kau da kai.

Na fara da ta Malam. Na karanta ta da kyau, ban rage mata komai ba, don ba na son a ce na yi mata zamba. Da na gama mutane suka gicciya hannu a ƙirji cikin ladabi.

Tsoho Pintea, abokin babana na shan giya, ya karkata kunne.

"Wai Fada ne ya rasu ba a gaya mana ba?"

"Ko ni ban kai haka ba, Pintea," in ji Fada.

Aka yi ta ƙunshe dariya. Malam Octavian ya gyara wuyan riga.

"Waƙar kabari ai ɗaukaka mamaci take yi, ba..."

"Malam, ka bari in gama," na ce.

Gavril da maza biyu suka tsayar da nasa. Na yaye bargon.

"Ni ne Simion mai keken doki..."

Tun a layi na biyu aka fashe da dariya. A na huɗu Tsoho Pintea ya cire hula yana girgiza kai, "Shi ne, wallahi shi ne!" A na shida babu mai dariya. Mama ta tsaya ƙiƙam kamar an dasa ta, leɓɓanta sun yi fari.

"Kin gama?" ta ce. "Kin gama tozarta ni?"

"Ban gama ba, Mama. Akwai baya."

Na juya ga Malam Octavian.

"Malam ya san da shi. Har yanzu fentin bai fita daga hannun farar rigarsa ba."

Duk idanu suka koma kansa. Rigar daban ya sa ranar, amma sai da ya kai hannu ya rufe bakin hannunta. Gwaggo Todora ta ce "Af!" da ƙarfi, ta wadatar.

Aka juya gicciyen.

Na share maƙogwaro. Na roƙi Allah kada muryata ta ci amanata.

Na tarar da ƙofa ba sakata, abin mamaki,
Hulata a kan ƙusa, a goge kamar ta zuwa biki.
Ta ajiye mini tuwo da zafinsa, ta ja tsaki.
Shekara tara ina tauna magana ɗaya a ciki.
Kai mai wucewa, karanta da ƙarfi, ara mini baki:

Na tsaya. Na dubi mahaifiyata cikin ido.

"Palaga, na gode miki."

Maƙabarta ta yi tsit, sai goɗiya da ke kaɗa jela.

Shekara bakwai ina ganin Mama tana fita da magariba ta ce za ta rufe ƙofar gida. Ban taɓa sanin ba ta sa sakata ba. Hular kuwa ina gani tana goge ta duk Asabar, na ɗauka tsabta ce kawai.

Mama ta tako a hankali. Ta wuce ni, ta wuce Gavril. Ta sa yatsa a kan rubutun tana bin harafi ɗaya bayan ɗaya, leɓɓanta na motsi. Ta zagaya gaba, ta sake bi. A layi na huɗu yatsan ya tsaya.

"'Yan kwanaki?" ta ce.

Ta buga yatsa a kan layin.

"Wata huɗu ne da kwana goma sha ɗaya. 'Yan kwanaki! Maƙaryaci... har a kabari sai ya rage."

Sai muryar ta karye. Ta kifa goshinta a kan hoton, daidai hularsa, kafaɗunta na rawa. Matar da ba ta taɓa kuka a gaban kowa ba ta yi shi a gaban gari guda, kuma babu wanda ya ɗauke kai don kunya. Matan ma taya ta suka yi.

Gavril ya matso a hankali.

"Mama Palaga... in kina so in gyara layin, kwana ɗaya ya ishe ni."

Ta ɗago, ta share fuska da ɗankwali.

"Bar shi. Haka yake magana." Ta dubi mazan da ke tsaye. "Me kuke jira? Ku kafa shi, abinci na hucewa."

Ban ga lokacin da motar kaya ta tafi ba. Gwaggo ta ce Malam da kansa ya taya ɗora gicciyensa, kuma kada in ji tausayinsa, waƙar za ta shiga kowane kabari a birni ba sai an canza komai ba.

*

A gida an jera tebura a tsakar gida, an cika su da naɗaɗɗen kabeji da cuku da burodi. Kowa ya zauna ban da Gavril. Ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu, kamar mai jiran hukunci.

Mama ta fito daga kicin, ta gan shi.

"Kai, ɗan Ilie. Gadi aka ɗauke ka?"

"A'a, Mama."

"To ga tsani can. Gwiwata na ciwo. Sauke mini tukunyar nan, ina da amfani da ita."

Ban taɓa ganin mutum ya hau tsani da sauri haka ba. Tsoho Pintea ya buga tebur, Gwaggo Todora ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Ya sauko ya miƙa wa Mama da hannu biyu, ita kuma ta miƙo mini ba tare da ta kalle ni ba.

"Wanke ta. Gidanki za ta."

Ya zauna kusa da ni. A ƙarƙashin tebur ya kamo hannuna, har yanzu da sauran shuɗi a farcena.

"Da ta zaɓi ta Malam fa?" ya raɗa mini.

"Da ka auri katakonka."

"Saveta!"

"Ci abinci, masoyi. Kwana huɗu ke nan."

Mama ta dawo da faranti. Ta dangwarar masa da tuwon masara a gabansa, yana tururi.

Ta ja tsaki.

Gavril ya dube ni, na dube shi. Bai jira shekara tara ba.

"Na gode miki, Mama."